Dacewar Ƙirar Jijiyoyin Jini da Ayyukansu a Jikin Ɗan Adam

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa duba takardun jarrabawar ilimin halittu, ko a makarantar sakandare ko a kwalejin horon malamai, ya san irin amsar da ɗalibai suka saba bayarwa idan aka tambaye su bambancin jijiyoyin jini. Za su jero cewa wannan bangonta na da kauri, waccan nata ba shi da kauri. Wannan tana da bawul, waccan babu. Sau da yawa amsar daidai take, amma da zarar an juya tambayar aka ce su faɗi dalili, sai alƙalami ya tsaya. Mu kanmu mun sha gamuwa da haka a azuzuwanmu, kuma ba mu ɗora wa ɗalibai laifin duka ba, domin yadda aka ba su darasin haka suka riƙe shi. Illar abin ita ce, ɗaliban kwalejin ilimi su ne malaman gobe, abin da suka haddace ba tare da fahimta ba shi za su miƙa wa na bayansu.

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu nuna cewa kowace siffa da ake gani a jikin jijiyar jini amsa ce ga wata matsala da jini ke fuskanta a daidai wurin da jijiyar take. Matsalolin kuwa uku ne. Ta farko, yadda za a ɗauki jinin da ya fito daga zuciya da ƙarfi a raba shi ga gaɓoɓi. Ta biyu, yadda abin da jinin ya ɗauko zai fita ya isa ga ƙwayoyin halitta. Ta uku, yadda jinin zai komo zuciya bayan ƙarfin da ya turo shi ya kusa ƙarewa. Wanda ya gane matsalolin nan uku, zai iya gano siffofin jijiyoyin da kansa ko da ya manta abin da ke cikin littafi.

1.1 Kalmomin da Za Mu Yi Amfani da Su

A Hausa kalmar jijiya tana ɗauke da ma'anoni da dama. Da ita ake kiran hanyar jini, da ita ake kiran zaren da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da jiki, da ita kuma ake kiran abin da ya ɗaure tsoka da ƙashi, kamar agara. Wannan na cikin abubuwan da ke rikita ɗalibi. Saboda haka a nan hanyoyin jini kaɗai muke nufi, kuma mun raɗa wa kowace iri suna bisa ga aikinta. Waɗanda ke ɗaukar jini daga zuciya za mu kira su jijiyoyin fita. Waɗanda ke mai da shi zuciya, jijiyoyin komowa. Siraran nan da ke tsakani, waɗanda ido ba ya gani, jijiyoyin musaya, domin a nan ne jini ke bayarwa yana karɓa.

Ya kamata a lura cewa inda jinin ya nufa shi ne mizanin rabon, ba launinsa ba. Jijiyar fita da ke zuwa huhu tana ɗauke da jinin da iskar oksijin ta yi ƙaranci a cikinsa, na komowa daga huhu kuwa su ke ɗauke da jinin da ya ƙoshi da ita.

2.0 Taƙaitaccen Tarihin Gano Zagayen Jini

Tun daga zamanin Jalinus, likitan nan da ya rayu a ƙarni na 2 na Miladiyya, masana sun daɗe a kan cewa hanta ce ke ƙera jini, jiki kuma ya shanye shi, wani sashensa yana ratsawa ta wasu ɓoyayyun ƙofofi a bangon da ya raba zuciya biyu. Ibnu Nafis, wanda ya yi karatu a Dimashƙa ya yi aiki a Alƙahira, ya rasu a 1288, shi ne ya musa wannan a sharhin da ya yi wa littafin Ibnu Sina. Ya ce bangon ba shi da ƙofa, jini daga ɓangaren dama sai ya bi ta huhu kafin ya isa ɓangaren hagu.

A 1628 William Harvey na Ingila ya buga littafinsa inda ya tabbatar da cewa jini zagaye yake yi. Ɗaya daga cikin hujjojinsa lissafi ne: jinin da zuciya ke fitarwa a cikin rabin sa'a ya fi dukkan jinin da ke jiki, don haka tilas jinin nan ɗaya ne ke kai da komo. Abin da bai gani ba shi ne mahaɗar jijiyoyin fita da na komowa. Ya rasu a 1657, sai a 1661 Marcello Malpighi na Italiya ya hango jijiyoyin musaya a huhun kwaɗo da taimakon madubin ƙara girman abu.

3.0 Ginin Bangon Jijiya

In ban da jijiyoyin musaya, bangon kowace jijiyar jini hawa uku ne. Hawan ciki tantani ne mai santsi, na ƙwayoyin halitta shimfiɗaɗɗu jere ɗaya, shi ne jini ke gogawa. Hawan tsakiya na tsoka ne da zaruruwa masu talewa su komo kamar danƙo. Hawan waje kuwa na zaruruwa ne masu tauri, waɗanda ke hana jijiya wuce iyaka wajen buɗewa, suna kuma ɗaure ta da naman da ke kewaye. Kayan ginin iri ɗaya ne ko'ina, yawan kowanne ne ke sauyawa gwargwadon aikin da ke gaban jijiyar.

Da can an ɗauki tantanin ciki a matsayin shafe kawai. A 1980 Robert Furchgott ya nuna cewa yana fitar da wani sinadari mai sa tsokar jijiya ta saki, daga baya aka gano cewa iskar naitirik oksaid ce. A kan wannan aiki ne aka ba shi lambar Nobel a 1998, tare da Louis Ignarro da Ferid Murad. Haka nan kuma tantanin yana hana jini daskarewa a cikin lafiyayyar jijiya.

4.0 Jijiyoyin Fita

4.1 Manya: Jure Matsi da Daidaita Gudu

Zuciyar baligi da ke hutawa tana bugawa kamar sau 70 a minti, kowane bugu yana fitar da jini kimanin mililita 70, watau wajen lita 5 ke nan a minti, kusan daidai da dukkan jinin da ke jikinsa. Wannan jini ba kwarara yake yi daga zuciya ba, tunkuɗo shi ake yi kashi-kashi. Wanda ya taɓa tsayawa wurin yankan rago ya ga yadda jini ke tsartuwa daga wuya yana bin bugun zuciya. A 1733 wani limamin coci a Ingila, Stephen Hales, ya bayyana yadda ya haɗa dogon bututun gilashi da jijiyar fita ta wata goɗiya, jinin ya hau sama da ƙafa 8, watau kimanin mita biyu da rabi. A mutum, matsin yakan kai milimita 120 na ma'aunin zaiba lokacin bugu, ya sauko 80 tsakanin bugu da bugu.

Babbar jijiyar da ta fito daga ɓangaren hagu na zuciya, wadda za mu kira uwar jijiya, faɗinta kimanin santimita 2.5 ne, kaurin bangonta kuwa wajen milimita 2, kuma hawan tsakiyarta cike yake da zaruruwan danƙo. Idan zuciya ta buga, bangon sai ya tale ya karɓi jinin. Idan ta saki, bawul ɗin da ke bakin jijiyar ya rufe, bangon ya komo yadda yake, komowar nan ita ke ci gaba da tura jinin gaba. Ashe ke nan matsin nan na 80 aikin bangon jijiya ne. Da uwar jijiya bututun ƙarfe ce, da matsin ya yi tsalle sama a kowane bugu ya faɗi ƙasa warwas bayansa, gaɓoɓi su riƙa samun jini a yanke. Mai ban ruwa da jigo ya san wannan: guga-guga yake zubawa, amma da yake ruwan na taruwa a gurbi kafin ya bi hanya, a hankali yake isa fangali ba yankewa.

Talewar nan ita ce ke bin bangon jijiyoyi har a ji ta a wuyan hannu. Dalilin da ya sa akasarin manyan jijiyoyin fita ke can ciki, kusa da ƙashi ko ƙarƙashin tsoka, shi ma a fili yake, domin jijiyar da ke da irin wannan matsi in ta yanke jini mai yawa zai zuba cikin ɗan lokaci.

4.2 Ƙanana: Rabon Jini

Yayin da jijiyoyin fita ke rarrabuwa suna ƙanƙancewa, zaruruwan danƙo na raguwa, tsoka na ƙaruwa, har a kai ga 'yan ƙanana waɗanda kusan duk bangonsu zoben tsoka ne. Matsalar da ke gabansu ita ce rabo. Lita 5 ba za ta cika dukkan hanyoyin jiki a buɗe lokaci guda ba, saboda haka dole a ƙara wa mai bukata a rage wa wanda ke hutawa. A lokacin hutu ƙoda biyu na karɓar kimanin kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke fitarwa. In mutum ya shiga aikin ƙarfi, kamar huɗa ko gudu, jijiyoyin tsoka sai su buɗe, na hanji da na ƙoda su tsuke, har tsoka ta karɓi fiye da kashi uku cikin huɗu na jinin. In zafi ya yi yawa na fata su buɗe don jiki ya huce, in hunturu ya shigo su tsuke don a tsare ɗumi.

Abin da ya ba wa waɗannan 'yan zobba iko shi ne ƙa'idar da likitan Faransa Poiseuille ya fitar a shekarun 1840. Ya nuna cewa yawan ruwan da ke bi ta siririn bututu yana bin faɗin bututun ne a ninke sau huɗu. Ma'ana, in aka rage faɗin zuwa rabi, abin da ke wucewa zai koma kashi ɗaya cikin 16, watau 2 sau 2 sau 2 sau 2. Ɗan motsi kaɗan na tsoka ya isa ya sauya rabon jini ƙwarai. Har ila yau a nan ne matsin jini ke yin babbar faɗuwarsa, ta yadda kafin ya shiga jijiyoyin musaya ya sauko wajen milimita 35, bugun ma ya kusa ɓacewa. Wannan kariya ce ga abin da ke gaba, domin jijiyoyin musaya ba su da bangon jure matsi mai yawa.

5.0 Jijiyoyin Musaya

Duk aikin zuciya da na sauran jijiyoyi domin wannan mataki ake yin sa. A nan ne iskar oksijin da sukari da sauran abinci ke fita zuwa ƙwayoyin halitta, iskar kabon dayoksaid da sauran dagwalo su shigo. Abubuwan nan ratsawa suke yi da kansu daga inda suka yi yawa zuwa inda suka yi ƙaranci, irin wannan ratsawa kuwa tana da sauri ne kawai in tazarar gajeriya ce. Siffofi huɗu ne suka dace da wannan bukata.

Ta farko, bangon tantanin ciki ne kaɗai, babu tsoka, babu hawan waje, kaurinsa bai kai maikiromita 1 ba a wurare da yawa. Maikiromita kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita.

Ta biyu, faɗin ramin tsakanin maikiromita 5 ne zuwa 10, alhali jar ƙwayar jini faɗinta 7 zuwa 8 ne. Don haka ƙwayoyin sai su yi layi ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci sai sun lanƙwashe kafin su wuce, jikinsu na gogar bango. Tazarar da iskar oksijin za ta ratsa ta ragu ke nan iyakar raguwa.

Ta uku, yawansu. Sun yi sarƙaƙiya a cikin nama har kusan kowace ƙwayar halitta tana da ɗaya a kusa da ita. Wurare kaɗan ne ba su da su, kamar guringuntsi da gilashin gaban ido.

Ta huɗu, jinkirin gudu. Ɗalibai sukan zaci jini zai fi sauri a siririyar hanya. Gaskiya ne kowace ɗaya siririya ce, amma in aka haɗa faɗinsu duka ya ninka na uwar jijiya sau ɗaruruwa. Kogi ne ya fito daga matsatsi ya bazu a fadama. Jinin da ke tafiyar santimita 20 ko fiye a daƙiƙa a uwar jijiya, a nan ba ya kai milimita 1 a daƙiƙa, sai ya sami daƙiƙa ɗaya ko biyu na yin musaya. August Krogh na ƙasar Danmak ya sami lambar Nobel a 1920 saboda bincikensa kan yadda gudun jini a waɗannan jijiyoyi ke ƙaruwa idan tsoka ta shiga aiki.

Daɗin daɗawa, su kansu ba iri ɗaya ba ne, kowace gaɓa da irin nata. A ƙwaƙwalwa ƙwayoyin bangon a manne suke gam, ba su barin abubuwa da dama su ratsa, wannan kariya ce ga ƙwaƙwalwa, ko da yake ita ce kuma ke hana wasu magunguna isa gare ta. A ƙoda bangon na da 'yan ƙofofi kamar rariya, shi ya sa ƙoda ke iya tace ruwa kimanin lita 180 a yini, ta mai da kusan dukkansa cikin jini. A hanta da saifa da ɓargo kuwa giɓin ya fi girma, domin furotin da hanta ta ƙera ya shiga jini, sababbin ƙwayoyin jini su fito daga ɓargo, saifa kuma ta tsame waɗanda suka tsufa.

Bango mai irin wannan sirantaka ba zai rasa yoyo ba. Ernest Starling ya bayyana a 1896 cewa matsin jini na tura ruwa waje, furotin ɗin da ke cikin jini kuma yana janyo shi ciki. Ruwan da ya tsatso ya zauna a nama, wasu hanyoyi dabam ne, watau hanyoyin limf, ke kwashe shi su zuba a manyan jijiyoyin komowa da ke gindin wuya. In waɗannan hanyoyi suka lalace, kamar yadda tsutsar da sauro ke yaɗawa ke yi musu, sai ƙafa ta kumbura, shi ne ciwon tundurmi.

6.0 Jijiyoyin Komowa

Jinin da ya baro jijiyoyin musaya matsinsa bai wuce milimita 15 ba, kafin ya isa ɓangaren dama na zuciya kuwa ya kusa zama sifili. Ga shi kuma duk lita 5 ɗin nan da ta fita a minti dole ta komo a minti, har da wadda ta gangara tafin ƙafa. Tun da matsin kaɗan ne, babu bukatar kakkauran bango, shi ya sa tsoka da danƙo suka yi ƙaranci a nan. Ramin kuma yana da faɗi domin kada ɗan ƙarfin da ya rage ya ƙare a hanya.

Amma faɗi kaɗai ba zai hau da jini daga ƙafa ba. Abubuwa uku ke taimakawa. Na farko bawul, watau wasu 'yan aljihuna biyu-biyu da tantanin ciki ya yi, masu kallon zuciya. Jini in ya nufi zuciya sai su kwanta ya wuce, in ya yi niyyar komawa baya sai su cika su rufe hanya. Sun fi yawa a ƙafafu da hannuwa. Fabricius, malamin Harvey a Jami'ar Padua ta Italiya, shi ya yi bayaninsu a 1603, Harvey kuma ya gane abin da suke nufi. Na biyu tsokar da ke kewaye, musamman ta sharaɓa. Kowane taku tana matse jijiyoyin da suka ratsa ta, bawul kuma ya tabbatar jinin sama ya nufa. A nan za a ga cewa laushin bangon ma amfani ne, domin da yana da tauri da tsoka ba ta iya matse shi ba. Na uku numfashi: idan mutum ya ja iska, matsin cikin ƙirji na raguwa, na ciki na ƙaruwa, sai jini ya zuƙu zuwa sama.

Mutumin da ya tsaya cik, matsin jini a jijiyoyin komowa na idon sawunsa yakan kai wajen milimita 90 saboda nauyin jinin da ke sama, amma da ya fara tafiya sai ya sauko ƙasa da rabin haka. Wannan ne bayanin abin da kowane malami ya taɓa gani, watau yaro ya yanke jiki ya faɗi a taron safe bayan doguwar tsayuwa cikin rana. Jini ya taru a ƙafafu, na fata sun buɗe saboda zafi, abin da ke komowa zuciya ya ragu, na ƙwaƙwalwa ya yi kaɗan. Maganin gaggawa shi ne a kwantar da shi a inuwa a ɗaga ƙafafunsa, ba a zaunar da shi ko a tsai da shi ba.

Bugu da ƙari, jijiyoyin komowa rumbu ne. Kusan kashi biyu cikin uku na jinin jiki a cikinsu yake a lokacin hutu. In mutum ya yi asarar jini, ko ya shiga aikin ƙarfi, ɗan tsokar bangonsu sai ta tsuke ta tura wannan ajiya zuwa zuciya. Kasancewar wasunsu a ƙarƙashin fata, ga faɗi ga ƙarancin matsi, shi ya sa ta nan ake ɗibar jini da ƙarin ruwa a asibiti.

7.0 Hujja Daga Ɗakin Tiyata

Mai tambaya na iya cewa, ina tabbacin cewa aikin ne ya jawo ƙirar? Akwai hujjoji biyu. Ta farko a jiki take: jijiyar fita da ke zuwa huhu, duk da girmanta ya kusa na uwar jijiya, bangonta bai kai nata kauri ba, domin matsin da take ɗauka kimanin 25 ne a kan 10. Ta biyu daga likitoci ta zo. A 1967 René Favaloro, ɗan ƙasar Ajantina da ke aiki a birnin Cleveland na Amurka, ya fara ciro doguwar jijiyar komowa ta ƙafa yana yi wa toshasshiyar jijiyar zuciya hanyar ratse da ita. Tilas a juya ta ko a yi la'akari da bawul ɗinta, in ba haka ba za ta tare jinin. Abin lura shi ne, da ta zauna ƙarƙashin matsin jijiyar fita sai bangonta ya yi ta kauri. Haka yake faruwa ga masu wankin ƙoda: tun 1966 likitoci ke haɗa jijiyar fita da ta komowa a hannu, cikin 'yan makonni ta komowar ta faɗaɗa ta yi ƙwari har ta jure sukar allura a kai a kai. Wannan ya nuna bangon jijiya rayayye ne, yana sauyawa gwargwadon nauyin da aka ɗora masa.

8.0 Idan Dacewar Ta Ɓaci

Cututtuka da dama da muke fama da su ana fahimtarsu ne ta wannan hanya. Idan ƙananan jijiyoyin fita suka zauna a tsuke, ko manya suka yi tauri saboda tsufa, matsin jini sai ya hau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki 140 a kan 90 a matsayin iyakar hawan jini. Yawanci ba ya nuna alama, amma yana cin bangon jijiya a hankali, har wata rana ta ƙwaƙwalwa ta fashe ko ta toshe, a sami shanyewar ɓarin jiki. Taruwar kitse a ƙarƙashin tantanin ciki na rage faɗin rami, kuma ƙa'idar Poiseuille ta riga ta nuna mana tsadar kowane ɗan ragi.

A jijiyoyin musaya, sharaɗin wucewa shi ne jar ƙwayar jini ta iya lanƙwashewa. A cutar amosanin jini, wadda ake kira sikila, ƙwayar na sandarewa ta yi siffar lauje idan iskar oksijin ta yi ƙaranci, sai ta maƙale ta tare hanya, naman da ke gaba ya rasa jini. Wannan ne asalin azabar ciwon ƙashi da masu ita ke sha. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan jariran da ake haifa da cutar, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ɗauke da irinta. A zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ma, ƙwayoyin jinin da cutar ta shiga suna mannewa a tantanin ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa, wannan na cikin abin da ke kawo suma da jijjiga ga yara. A ɓangaren komowa kuwa, in bawul ya gaza sai jini ya kwanta, jijiyoyin ƙafa su kumbura su murɗe, abin da aka fi gani ga masu juna biyu da masu aikin tsayuwa.

9.0 Shawarwari ga Malamai

Ba a bukatar kayan aiki masu tsada kafin a koyar da wannan darasi da hujja. Muna ba da shawarwari huɗu.

(a) A samo zuciyar rago ko ta sa daga mahauta, a roƙi a bar mata jijiyoyinta da ɗan tsawo. Ɗalibai su yanka su gani da idonsu cewa uwar jijiya na zama a buɗe kamar zobe, ta komowa kuwa tana lanƙwamewa. Su ja kowace su saki.

(b) A maimaita gwajin Harvey. Ɗalibi ya saki hannunsa ƙasa har jijiyoyin bayan hannu ko na damtse su fito, a danne ɗaya da yatsa, a shafe jinin zuwa sama da wani yatsan. Za a ga ta zauna ba jini har zuwa inda bawul yake, sai an ɗaga yatsan farko ta cika daga ƙasa.

(c) Inda akwai madubin ƙara girman abu, a naɗe ɗan ƙaramin kifi da jiƙaƙƙiyar auduga a duba wutsiyarsa na ɗan lokaci, sa'an nan a mai da shi ruwa. Za a ga ƙwayoyin jini a layi.

(d) A sauya salon tambaya. Maimakon a ce su jero bambanci, a ce su faɗi abin da zai faru da a ce uwar jijiya ba ta talewa, ko da a ce jijiyoyin musaya suna da tsoka a bangonsu.

10.0 Kammalawa

A wannan takarda mun yi ƙoƙarin nuna cewa matsin jini da bukatar musaya su ne mabuɗin fahimtar ƙirar jijiyoyin jini. Inda matsi ya yi yawa an sami kauri da danƙo, inda ake rabo an sami zoben tsoka, inda ake musaya an sami bango jere ɗaya, inda ƙarfi ya ƙare an sami faɗi da bawul da taimakon tsokar jiki. Sunayen nan uku da muka raɗa shawara ce kawai, muna fata masana harshe da malaman kimiyya da ke wannan taro za su dube su, su gyara inda ya kamata, domin a sami matsaya ɗaya da za a riƙa amfani da ita a littattafan makaranta.